Haɗa Man Gashi A Gida: Abin Da Mai Zai Yi Miki Da Wanda Ba Zai Yi Ba

Tun da muka yi maganar bushewar fata a makon jiya, tambayoyin da kuka ajiye a ƙasan rubutun suka karkata zuwa gashi. Wata tana neman haɗin da zai cika mata gaban goshi. Wata ta ce man kaɗen da ta haɗa ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba masa gari, wata kuma nata ya narke ya malale mata a jaka. Akwai ma wadda ta tambaya ko za ta iya shafa wa ɗanta man darbejiya saboda makero. To, yau za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne tambayoyin su yi yawa. Man gashi na kanti ya yi tsada, ga shi kullum ana turo sabon haɗi a WhatsApp da TikTok, kowanne da alkawarin gashi har gadon baya cikin wata guda. Haɗa mai a gida abu ne mai kyau, ina ma ƙarfafa ki a kai, domin kin san abin da kika zuba kuma kuɗin bai kai na kanti ba. Sai dai kafin ki ɗora tukunya ki riƙe magana guda: mai yana kare gashin da ya riga ya fito daga karyewa, ya sa shi laushi ya kwanta. Ba ya tsirar da gashi a inda saiwar ta mutu, ba ya kuma warkar da ciwon fatar kai. Wadda ta gane wannan ba za ta yi asarar kuɗinta ba, ba za ta yi asarar gashinta ba.

Me ya sa gashi yake tsayawa wuri ɗaya?

Silin gashin da kike gani ba shi da rai. Mai ran yana can cikin fata, wato saiwar, kuma jini ne yake ciyar da ita. Daga nan gashi yake fitowa, kimanin santimita 1 a wata, wato wajen santimita 12 a shekara. Babu man da zai mayar da wannan ya zama santimita 5 a wata.

To me ya sa wata za ta shekara uku gashinta yana nan inda yake? Galibi yana fitowa daga ƙasa ne yana karyewa daga sama. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kowace lanƙwasa a jikin silin wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai take fitarwa da kanta shi ma ba ya iya bin lanƙwasar ya gangaro har bakin gashin, sai bakin ya bushe. Idan aka sa masa mataji a bushe, sai ki ga gutsattsarinsa a kafaɗa da bakin matajin.

Ki dubi matan Chadi da suka yi suna da garin shebe. Kwaɓa shi suke yi da mai su shafe jikin gashin, su kitse, su bar shi kwanaki ba tare da taɓawa ba. Gashin nan yana cikin maiƙo, ba a ja shi, ba a taje shi kullum, don haka abin da ya fito yana nan bai karye ba. Haka man karkar na Sudan da Chadi, wanda ginshiƙinsa man riɗi ne da kakin zuma da kitsen dabba. Iyayenmu ma da man shanu da man kaɗe suka yi kitso. Hikimar duk ɗaya ce, a tsare abin da ya fito.

Abu na biyu, mai ba ya shayar da gashi. Ruwa ne yake sa gashi danshi, mai kuma ya rufe shi don kada danshin ya gudu da wuri. Idan kika lafta mai a busasshen gashi, zai yi ƙyalli a ido amma yana nan a bushe. Ki fara yayyafa ruwa ko ki shafa man bayan wankin kai tun gashin yana da ɗan laima.

Ki san kayan haɗinki

Man kwakwa: shi ne ya fi sauran shiga cikin silin gashi. A shekarar 2003 wasu masu bincike a Indiya sun gwada shi tare da man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur da kuma man furen rana, suka ga na kwakwa ne kaɗai ya rage zubewar furotin daga gashi a lokacin wanki. Yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, shi ya sa da hunturu za ki gan shi fari a daskare. Bai lalace ba, ki murza a tafin hannu zai narke. Wasu matan yana sa musu gashi ya yi tauri. Idan kina cikinsu ki rage shi.

Man alayyadi: ɗan'uwan man kwakwa ne wajen sinadari, kuma ya fi araha a kasuwanninmu. Wanda aka soya ƙwarar ya yi baƙi yana da ƙauri mai ƙarfi, ki sa kaɗan.

Man kaɗe: shi ne mai ba haɗi jiki da laushi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa samar da ƙwarar kaɗanya a duniya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi, don haka ba mu da uzurin sayen gurɓatacce. Mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki idan kika murza, ba ya barin yashi a yatsa, ba ya warin tsohon mai.

Man riɗi da man zaitun: ba su da nauyi, su ne suke sassauta haɗi ya shafu. Man riɗi yana daɗewa bai ɓaci ba, kuma namu ne na gida. Man gyaɗa ma yana yi, sai dai ƙamshin ƙuli-ƙuli yana bin sa.

Man zurma: mai kauri ne da danƙo, shi yake kawo sheƙi da ɗan riƙo. Ki saya tatacce. Kada ki ce za ki daka 'ya'yan zurma ki matse da kanki, domin akwai guba mai kisa a cikin ƙwayar, kuma tana zama ne a cikin tunkuzar da ta rage. A gidan da yara da awaki suke yawo wannan ba abin wasa ba ne.

Kakin zuma: shi ne mai sa haɗi ya tsaya, ya kwantar da gashi. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64. Ki saya wurin masu zuma da kika amince da su, saboda ana cakuɗa shi da kakin kyandir. Na gaske yana ɗan ƙamshin zuma, idan kika murza ɗan gutsure a yatsa yana yin laushi da danƙo.

Awo shi ne rabin aikin

Yawancin haɗin da ake turowa "ki zuba kaɗan" da "ki ƙara daidai misali" ne. Shi ya sa yau ya yi kyau, gobe ya ƙi. Idan da hali ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Idan babu, ki ware babban cokali ɗaya na awo. Cikinsa na mai yana kai kimanin giram 14. Kaɗe da kaki kuwa sai kin narkar da su za ki auna da cokali. Ga haɗi uku, kowanne na giram 100.

Na farko, man ruwa na yau da kullum: man kwakwa giram 40, man riɗi giram 45, man zurma giram 15. Da cokali, uku da uku da ɗaya ke nan. Wannan ba ya bukatar wuta sai idan man kwakwar ya daskare. Ki zuba a kwalba ki girgiza. Shi za ki riƙa shafawa a jikin kitso da bakin gashi, kuma yana taimakawa wajen tsifa.

Na biyu, bugaggen man kaɗe: man kaɗe giram 60, man kwakwa giram 20, man riɗi ko na zaitun giram 20. Da cokali, huɗu na kaɗe, ɗaya da rabi na kowanne daga sauran biyun. Wannan na hunturu ne, lokacin da iska take busar da komai, kuma ya dace da gashi mai kauri da cika.

Na uku, mai kwantar da gashi: kakin zuma giram 15, man kaɗe giram 30, man zurma giram 25, man riɗi giram 30. Da cokali, ɗaya na kaki, bibbiyu na sauran ukun. Shi ne na gyara tsaga lokacin kitso da kwantar da ƙananan gashin gefe idan za ki ɗaure gashi. Maigida ma zai iya lakatar kaɗan ya gyara gemu.

'Yar'uwar da nata ya malale a jaka, ga amsarki. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, alhali man kwakwa tun a 24 ya narke, man kaɗe kuma ɗumin jiki ma ya ishe shi. Haɗin da ya tsaya da hunturu dole ya zama ruwa da bazara. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: da bazara ki ɗaga kakin haɗi na uku zuwa giram 20 ki rage man riɗi zuwa 25. Bugaggen man kaɗe kuwa ki bar shi sai sanyi ya dawo, ko ki sa masa giram 5 na kaki.

Yadda ake narkarwa

Kada ki ɗora mai kai tsaye a kan wuta. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya ki ɗora, ki aza busasshen kwanon ƙarfe a bakinta yadda tururin zai riƙa dukan gindinsa. Ki fara sa kaki tunda shi ya fi taurin kai. Idan ya narke sarai ki sa man kaɗe, sannan sauran mayukan. Ki juya da busasshen cokali har ki daina ganin ko ɗan ƙullutu, ki bar shi a kan tururin kamar minti 10, ki sauke ki goge gindin kwanon kafin ki juye, don kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki.

Kafin ki juye, ki gwada. Ki tsoma cokali ki sa a firij ko ki ajiye a wuri mai sanyi na 'yan mintuna, ki taɓa. Idan ya yi tauri da yawa ki ƙara man riɗi, idan ya yi ruwa ki ƙara kaki. Ki rubuta abin da kika ƙara a takarda domin gaba.

Maganar tsaki-tsaki kuwa, man kaɗe yana da kitse iri-iri a cikinsa, wani yana riga wani daskarewa. Idan aka bar shi ya huce a hankali, mai saurin daskarewar sai ya dunƙule shi kaɗai ya zama kamar gari. Bai lalace ba. Ki sake narkar da shi gaba ɗaya, ki sanyaya shi da sauri a firij. In babu wuta, ki tsoma gindin kwanon a ruwan randa mai sanyi kina juyawa. Idan bugagge kike so, ki jira ya fara kama jiki kamar kindirmo, sai ki buga da maburgi ko na'urar buga ƙwai har ya yi fari ya tashi.

Ki kori yara daga kicin lokacin wannan aiki, domin kaki mai zafi yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. Idan tsautsayi ya sa mai ya kama da wuta, ki kashe murhu ki rufe da murfi. Kada ki watsa ruwa.

Hulba, kanumfari da sauran ganyayyaki

Da yawanku kuna son jiƙa hulba, kanumfari, habbatus sauda ko ganyen zogale a mai. Babu laifi, amma da sharaɗi: komai ya zama busasshe ƙarau. Babban cokali ɗaya na hulba ko habba, ko ƙaramin cokali ɗaya na kanumfari, ya ishi giram 100 na mai. Ki ɗan farfasa su, ki zuba a kwalba mai murfi, ki ajiye a inuwa mako biyu zuwa huɗu kina girgizawa, sannan ki tace da tsaftataccen ƙyalle. Kada ki soya su a mai har su yi baƙi. Ƙonannen mai kika samu. Kanumfari yana da zafi a fata, idan ya yi yawa yana kawo raɗaɗi da ja.

Tataccen man ƙamshi da ake sayarwa a ƙananan kwalabe masu duhu, irin na na'a-na'a da rosmari, yana da ƙarfi ƙwarai. Kashi 1 cikin 100 ya isa, wato kimanin ɗigo 20 a giram 100, kuma sai haɗin ya fara hucewa za ki ɗiga. Ba a sa wa jarirai da ƙananan yara, mai ciki ma ta haƙura da shi. Man rosmari ya yi tashe ne saboda wani bincike da aka yi a Iran a 2015, inda aka gwada shi da maganin minoksidil a kan maza 100 masu sanƙon gado na tsawon wata 6, aka ga sakamakon ya yi kusa da juna. Bincike ɗaya ne, ƙarami, a kan maza. Bai ce komai ba a kan gaban goshin da kitso ya cinye.

Abubuwan da ba a sa wa

Ruwa da duk wani abu mai ruwa. Ruwan albasa, ruwan shinkafa, majinar alobera, ɗanyen ganye, ɗanyen citta, duk kada su shiga kwalbar da za ki ajiye. Tsantsar mai ba ya ba ƙwayoyin cuta wurin zama, amma da zarar ruwa ya shiga, fumfuna da bakteriya sun samu gida, kuma suna iya yawaita tun kafin ido ya gani ko hanci ya ji. Bitamin E da ake cewa a matsa a ciki yana jinkirta ɓacin mai ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Idan kina son amfani da albasa ko alobera, ki haɗa na rana ɗaya, ki wanke, ki zubar da ragowar.

Man shafawa na asibiti. Ana matsa tif ɗin maganin ƙaiƙayi mai ɗauke da sitirod, irin su kulobetasol, a cikin man gashi wai don ya kashe amosani. Ƙaiƙayin zai lafa na 'yan kwanaki, amma idan aka daɗe ana shafawa fata tana sirancewa, ƙuraje su feso, makero kuma ya ɓuya ya ƙara yaɗuwa. Haka minoksidil: magani ne mai ƙa'ida, ba a ba mai ciki da mai shayarwa, kuma yana da haɗari idan yaro ya sha. Ba kayan zubawa a haɗi ba ne.

Kananzir, baƙin man inji da fiya-fiya. A wurin aiki muna karɓar yaran da aka shafa wa kananzir saboda kwarkwata, yarinya ta gifta kusa da murhu ko fitila, kai ya kama. Ƙunar fatar kai idan ta yi zurfi gashi ba ya sake fitowa a wurin. Fiya-fiya kuwa guba ce da take ratsa fata ta shiga jini, ta kawo dalalar miyau, amai, sarƙewar numfashi, har a rasa rai. Garin neman gira kada a rasa ido. Akwai maganin kwarkwata na shafawa a kemis, a haɗa da mataji mai ƙananan haƙora a riƙa tajewa gashi yana jiƙe.

Kafur da man darbejiya a gidan yara. Kafur ko kaɗan yaro ya haɗiya yana iya sa shi jijjiga. Man darbejiya ma idan jariri ya sha yana taɓa ƙwaƙwalwa. Babba zai iya sa ɗan kaɗan na darbejiya a haɗinsa, amma a ɗaga kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Inda mai ba zai yi aiki ba

Amosani: ana ɗauka bushewa ce, sai a ƙara lafta mai. Alhali galibi wani nau'in yis ne mai suna Malaseziya da yake zaune a fatar kowa, kuma abincinsa maiƙo ne. A ɗakin gwaji ma da man zaitun ake ciyar da shi idan ana son ya tsiro. Kin ga kenan mai amosanin da take cika fatar kanta da man zaitun tuwo take tuƙa masa. Ki nemi shamfu mai ketokonazol, ki wanke sau biyu a mako, ki bar kumfar minti 3 zuwa 5 kafin ki ɗauraye, na mako biyu zuwa huɗu. Man kuma ki tsayar da shi a jikin gashi, ki bar fatar ta sha iska.

Makero: ga amsar mai tambayar man darbejiya. Ƙwayar makeron kai tana shiga har cikin silin gashi da saiwarsa, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Maganinsa na sha ne, kamar girisiyofulbin, na mako 6 zuwa 8, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna shi daidai nauyin yaron. Yana yaɗuwa ta injin aski, reza, mataji, hula da matashin kai, don haka a duba sauran yaran gidan. Idan wurin ya kumbura yana fitar da ruwa ko mugunya, kada a kai wa wanzami ya tsaga, a tafi asibiti da wuri, domin jinkiri yana barin tabon da gashi ba ya fitowa a kai.

Gaban goshi: wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarta ba ta cikin kwalba. Ja ne yake cinye shi: kitso mai tsauri, ƙananan kalaba, gashin doki mai nauyi, ɗaure gashi tamau da ribom, ɗaurin ɗankwali a wuri ɗaya kullum. Idan aka haɗa da man miƙar da gashi abin ya fi muni. Kitson da ya hana ki barci, ko ya sa ki shan maganin ciwon kai, ko kika ga ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ya yi tsauri, ki warware shi ko da jiya aka yi. Idan aka daina ja da wuri, gashin yana dawowa cikin watanni. Idan aka shekara da shekaru ana ja har wurin ya yi sumul yana sheƙi, saiwar ta mutu, babu man da zai tashe ta. Ki faɗa wa mai kitso ta sassauta hannu, musamman a kan 'yan mata ƙanana. Kukan yarinya a gaban mai kitso ba shagwaɓa ba ce kullum.

Zubewar bayan haihuwa: wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa mata da yawa suna ganin gashi yana bin mataji. Sauyin sinadaran jiki ne, kuma yawanci yana daidaita kafin yaro ya shekara. A nan ne masu sayar da haɗi suke cin kasuwa, domin gashin da ma zai dawo, sai a ce man ne. A ka'ida kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Idan zubewar ta wuce haka ta ƙi tsayawa, ga kasala, jiri ko bugun zuciya, ki je a auna jininki. Ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato halittar nan ta wuya da take kumbura ta zama maƙoƙo, duk suna zubar da gashi.

Gwaji, shafawa da ajiya

Duk sabon haɗi ki fara shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin damtse, ki jira kwana biyu. In ya yi ja, ƙaiƙayi ko ƙuraje, ki bar shi. Wadda gyaɗa ko riɗi ba sa karɓarta a ci, kada ta shafa mansu. Turare yana cikin abubuwan da suka fi tayar da borin fata, don haka kada ki tuttula shi a haɗin yara.

Wajen shafawa, kamar ƙwayar gyaɗa ta ishi sashe guda na kai. Mai kaki yana taruwa a gashi ya kama ƙura, ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, sai shamfu ko sabulun salo da ruwa mai ɗumi. Ki wanke kai duk mako ɗaya ko biyu, ki bi da karkashi don santsinsa ya warware miki gashin. Idan kika fara ganin ƙananan ƙuraje a goshi daidai bakin gashi, man ne yake gangarowa yana toshe ƙofofin fata. Ki rage shi, ki riƙa goge goshin bayan shafawa, ki yawaita wanke ɗankwali da rigar matashi.

Kwalbar ajiya ki wanke ta, ki bar ta ta bushe sarai. Ki manna takarda ki rubuta ranar haɗi da abin da ke ciki. Ki ajiye a inuwa, ba a taga ko cikin mota ba, kuma kada ki tsoma jiƙaƙƙen hannu. Ki haɗa wanda za ki ƙarar cikin wata uku zuwa shida. Ranar da ya canza wari ko launi, ko kika ga ɗigo-ɗigon baƙi ko kore, ki zubar, kada ki ji ƙyashin kuɗin.

Masu son mayar da abin sana'a, ina taya ku murna, amma ku sani kayan shafa da za a sayar wa jama'a a Nijeriya suna bukatar rajistar NAFDAC. Ki rubuta duk abin da kika zuba a jikin robar, domin wata tana da abin da jikinta ba ya so. Kada kuma ki yi alkawarin tsirar da sanƙo ko warkar da makero. Uwar da ta yarda da maganarki za ta iya ɓata wata uku tana shafa wa ɗanta mai, ciwon yana ci.

Ki fara da haɗi na farko, shi ya fi sauƙi. Ki yi amfani da shi wata biyu tare da sassauta kitso, ki lura da yawan gutsattsarin da ke bakin mataji, sannan ki zo ki ba mu labari a ƙasan wannan rubutu, ki faɗi garin da kike da yadda haɗin ya yi da yanayinku. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba man miƙar da gashi da rini, da yadda ake kauce wa ƙunar fatar kai.